Neman kalmar Hausa: me za mu kira "fjord"?

Jama'a, ina neman taimako. Ina so in yi wa ɗalibaina bayanin wani zane daga ƙasar Norwe, na rakiyar amarya a yankin Hardanger, sai kalma ɗaya ta tsaya mini a wuya. Mutum biyu suka zana shi a 1848 a birnin Düsseldorf na Jamus. Adolph Tidemand ya zana mutanen, Hans Gude kuma, yana ɗan shekara 23, ya zana ruwa da duwatsu. Yanzu zanen yana gidan tarihi na ƙasa a Oslo.

Ga kwalekwale cike da 'yan biki, amarya da kambi a ka, mai goge yana ja, wani ya ɗaga bindiga yana harbi sama kamar 'yan bindigarmu ranar hawa. Amma ni aikin Gude ne ya riƙe ni: ruwa shiru kamar madubi, duwatsu sun miƙe ta kowane gefe, ƙanƙara a ƙololuwarsu tana ɗaukar ido. Wurin ma ba wuri ɗaya ba ne, harhaɗa shi ya yi daga abubuwan da ya gani a yankin. To ruwan nan shi ne "fjord". Me za mu ce masa?

— Malam, ai kogi ne. Me ya yi zafi?

A'a ƙanena. Kogi gangarowa yake yi ya faɗa teku. Wannan tekun ne da kansa ya kutsa cikin ƙasa da ruwan gishirinsa. Na Hardanger ya kai kusan kilomita 180.

— Allah ya gafarta malam, mashigin teku fa?

Na yi tunaninsa, Hajiya, sai dai 'yan jarida sun riga mu, da shi suke kiran Hormuz. Can kuwa shiga ake a ɓulle ta wani gefen. Nan in ka shiga, dutse za ka tarar a ƙarshe.

— Harshen teku, tunda ya zuro kamar harshe.

Ya yi daɗi a baki, wallahi. Amma yaro zai ɗauka yaren kifaye ake nufi.

— Ɗana, ku duba yadda abin ya samu. Tulin ƙanƙara ne ya yi ta gangarowa yana ƙwaƙule dutse shekaru dubbai, da ya narke teku ya cike ramin. Rami mai zurfi da gaɓa a tsaye, wanda zaizaya ta haƙa, ai kwazazzabo sunansa. Ku ce kwazazzabon teku.

Baba, ka gama magana. Da farko na ji kamar ya yi wa wurin kaɗan, don kwazazzabon bayan garinmu akuya ma tsallake shi take yi, alhali na Sogne, wani "fjord" ɗin a Norwe, zurfinsa ya haura mita 1,300. Amma da an ce "teku" girman ya dawo. Gobe zan rubuta a allo: rakiyar amarya a kwazazzabon tekun Hardanger.