Tambaya: layin 205 yana fitowa a bututun da ba DNA

Assalamu alaikum malamai da ’yan uwa masu aikin lab a Legas. Akwai horon mako shida da ake yi wa ɗaliban jami’a ’ya’yan Hausawan Agege da Idi-Araba, don su saba da binciken lafiya kafin su nemi gurbin SIWES (horon sanin makamar aiki na ɗalibai) a wurare irin su NIMR, cibiyar binciken lafiya ta Najeriya da ke Yaba. Aikin ya cije a PCR na zazzaɓin cizon sauro, wato gwajin da ake ninka DNA ɗin ƙwayar cutar har a iya ganinsa.

Ana ciro DNA daga ɗigon jinin da ya bushe a takardar tacewa, da sinadarin Chelex. Sai PCR zagaye biyu, a duba a jel ɗin agaros kashi 2 cikin 100, inda DNA yake fitowa layi-layi gwargwadon tsawonsa. Layin ƙwayar cutar, Plasmodium falciparum, yana fitowa a 205 bp (ma’aunin tsawon DNA) yadda ya kamata, amma yana fitowa har a bututun da ruwa kawai aka zuba maimakon DNA, inda bai kamata a ga komai ba. Sau uku ke nan.

An sauya ruwa, an narka sababbin firaima (guntayen DNA da ke fara ninkawar), an goge teburi da bilic (sinadarin kashe ƙwayoyin cuta) kashi 10 cikin 100. Layin ya dusashe, bai ɓace ba. Zarginmu shi ne lokacin buɗe bututun zagayen farko ake watsa abin da aka riga aka ninka, domin ɗaki ɗaya ne, fifet (abin ɗibar ruwa ɗan kaɗan) saiti ɗaya, hannaye goma sha biyu duk sababbi.

Don Allah, yaya ake raba wurin haɗa sinadarai da wurin jel a ɗaki ɗaya? Kuma fifet ɗin da ya gurɓace ta ciki, wankewa ya isa ko sai an ware wani daban? Saura mako biyu yaran su koma makaranta.