Yadda za a haɗa sensar tsare haske da fitilar LED

An yi doguwar muhawara kan yadda za a sa sensar tsare haske ta kunna fitilar LED idan wani abu ya tare haskenta, to ga abin da aka tsayar a kai. Sensar tana da tsaga a tsakiya, kuma ƙafa huɗu gare ta, gefe ɗaya ƙaramar fitila ce mai fitar da hasken infrared, ɗaya gefen kuma tiransista ce mai jin haske, wato makunnin da ke barin wuta ta wuce idan haske ya same shi. Kowa ya yarda kar a kuskura a jona fitilar kai tsaye da 5V, nan take za ta ƙone, 1.2V kawai take ci, a sa mata rizista (abin rage ƙarfin wuta) 220 ohm, wutar da za ta bi ta cikinta wajen 17mA ke nan.

Inda aka fi jan magana shi ne ɗaya gefen. Wasu sun ce a liƙa LED ɗin a jikin tiransistar kawai a huta, amma wutar da take iya wucewa kaɗan ce, da ƙyar za ka ga hasken. Abin da ya fi, a ganina, cikin ƙafafu biyu na tiransistar sensar, emita ta tafi nagetif, kolekta ta hau 5V ta rizista 10k (ohm dubu goma), daga mahaɗar kolektar da rizistar a ja waya zuwa bes (ƙafar da ke kunnawa) na wata tiransista daban, BC547 ko 2N2222, ita ce za ta kunna LED ɗin da rizistarsa 330 ohm. Haske na wucewa LED a kashe, kana tura kati cikin tsagar ya kama. In akasin haka kake so sai ka mayar da 10k ɗin tsakanin emita da nagetif, kolekta ta hau 5V kai tsaye, wayar bes kuma ta fito daga emita.

Ido ba ya ganin infrared fa, a gwada da kyamarar waya don a ga ko fitilar sensar ta kama. Kuma hasken rana na rikita sensar, a ɗan rufe ta.