Mangwarona na ƙonewa a bazara, a taimaka mini

Salama alaikum jama'a, don Allah ina neman shawarar masu garka. Damanar bara na dasa ƴan mangwaro masu aure guda 12 a gonata wajen Jiratawa, suka kama lafiya lau, amma tun da bazara ta shigo zafi ya haura digiri 40 sai bakin ganyen ya fara ƙonewa kamar an kara masa wuta, sabon toho ya yanƙwane ya zube, yanzu 4 sun bushe ƙurmus kuma abin na ci mini rai wallahi.

Kowane ina ba shi bido ɗaya mai lita 25 duk bayan kwana biyu da marece, na yi musu gurbi, na zuba takin shanu. Na shimfiɗa karan hatsi a gindi don danshi ya daɗe, sai gara ta taru har ta fara cin ɓawon, dole na kwashe. Ƙasar jigawa ce, kafin azahar in ka tona da yatsa babu laima ko kaɗan, rijiyar ma ta ja baya.

Me zan rufe gindinsu da shi wanda zai riƙe danshi har damana ba tare da ya jawo gara ba?