Kiyasin kashi cikin ɗari daga zane mai launi: a ina yara ke tuntuɓe?

Malamar aji biyar:
Assalamu alaikum, malamai. Mu haɗa abin da kowa ya gani a aji kan wannan darasi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne yaro ya ƙirga gidajen da aka shafa wa launi ya ce amsar ke nan. A zane mai gida 100, goma a tsaye goma a kwance, hakan daidai ne, gida 30 kashi 30 ne, sai ya ɗauka ko'ina haka abin yake. A ba shi mai gida 20, biyar da launi, ya rubuta kashi 5, alhali 25 ne. Daɗewa a kan mai gida 100 ke jawo wannan. Kafin ya dubi launin a tambaye shi: zanen duka gida nawa ne, kuma gida ɗaya kashi nawa ya ɗauka? A mai gida 20 biyar ne, a mai 25 huɗu, a mai 50 biyu.

Malamin lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Gaskiya ne, amma wannan ƙirga ce, kiyasi kuwa da ido ake farawa. Yaro ya fara riƙe turaku: rabi 50, rubu'i 25, rubu'i uku 75, sulusi wajen 33, humusi 20, ushiri 10. Tambayar farko ita ce, launin ya kai rabi ko bai kai ba? In bai kai ba, ya wuce rubu'i? Da ya ce ya wuce, ya san amsar tana tsakanin 25 da 50, sai ya kintata inda ta fi kusa. Ya rubuta kiyasinsa tukuna, sannan ya ƙirga ya gwada. In aka bar shi ya ƙirga da farko, idon ba zai taɓa koyo ba.

Mai koyar da ɗalibai malanta:
Akwai wanda ya fi waɗannan wuyar ganewa, wato yanki-yankin da girmansu ba ɗaya ba. A zana alwatika, a ja layi a kwance daidai tsakiyar tsayinta, a shafa wa saman launi. Yara da yawa za su ce rabi ne, tunda gida biyu suke gani. Rubu'i ne. A yanka takardar da almakashi, a ɗora ƙaramar alwatikar a kan ɓangaren ƙasa, za ta shiga sau uku, ɗaya a kife. Haka murabba'in da gefensa rabin na babban ne, kashi 25 yake ci, ba 50 ba, domin tsawo da faɗi duka sun ragu. Bayani da baki ba ya gyara wannan, sai hannun yaron ya yanka ya ɗora da kansa.

Malamar aji biyar:
Na gode, Malam. Da'ira fa? Ba ta da gidajen ƙirgawa.

Malamin lissafi:
Fuskar agogo, Malama. Minti 15 kashi 25, minti 30 rabi, minti 6 kashi 10. Sai dai a kula, wani zai ga launin ya tsaya a minti 20 ya rubuta kashi 20, alhali sulusi ne, domin agogo 60 ne ba 100 ba. Kuma yankan ya taso daga cibiyar da'irar, in ba haka ba agogon bai yi aiki ba.

Malamar aji shida:
Ƙari biyu. Wasu suna gwada mai launi da marar launi maimakon da zanen duka: gida 2 da launi, 8 fari, su ce biyu cikin takwas, kashi 25, alhali biyu cikin goma ne, kashi 20. Sannan in layin launin ya ratsa gidaje a karkace, a ƙirga cikakku, a haɗa rabi-rabi su zama ɗaya. In launin ya mamaye zanen, farin za a kiyasta a cire daga 100.

Mai koyar da ɗalibai malanta:
Wajen duba aiki kuma, don Allah kada a soke 35 ko 45 in amsar 40 ce. A faɗa musu tun farko tazarar da za a karɓa, misali biyar sama biyar ƙasa. Wanda ya rubuta 70 a kan zanen da bai kai rabi ba, shi za a zauna da shi a ninke takarda gida biyu ya ga rabi.