Musayar Waƙa: Wasan Barkwanci In Ya Tsufa, A Rufe Ko A Bari?

Mai Gidan Kallo, ƙauyen Gaya

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wannan makon ni ne da buɗe fage, kuma abin da na ɗauko shi ne wasannin barkwancin nan na talabijin masu dogon zango, waɗanda suke farawa da daɗi har mutum ya bar tuwonsa ya huce, sai a yi ta ja ana ja shekara da shekaru har su salance. Ba zan kama sunan wani shiri namu na gida ba don masu yinsa halak ɗinsu suke nema, kowa dai ya san wanda yake ransa. Ƙwar huɗu za mu yi, amsa-amo "ya".

Da sunan Allah nake farawa,
Mai ba wa bawa abin faɗawa,
Salati gun Manzo nake ƙarawa,
Sannan na juyo batun dariya.

Shekarun baya ranar nunawa,
Tun kan magariba ake taruwa,
Benci ya cika a hau tsayuwa,
Wanda ya makara ya leƙo ta baya.

Yau kuwa zango yana bin zango,
Bara ango, bana ma shi ne ango,
'Yan kallo sun jingina da bango,
Suna ta latsa waya ɗaya-ɗaya.

Mai bashi ya zo, a ɓuya a ɗaki,
Matar ta fito ta hau yin tsaki,
Sau nawa mun gani, ina mamaki?
Abin da za a yi mun sani tun jiya.

Ni dai a nawa gani a ƙare,
Tun ana so, tun muna nan tare,
Ko ku kuna ga a bar shi ya ɗore?
Na miƙa muku wannan tambaya.

Mai Shayin Tasha, Jahun

Wa alaikumus salam Yaya, wlh ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi. A teburina da can in sabon kashi ya fito waya ɗaya mutum takwas ke leƙawa, yanzu kuwa ko an tura musu a memori sai ka ga ana jan yatsa ana tsallakewa a kai ƙarshe kawai.

Yayana zancenka ban musa ba,
Ni ma abin bai yi min daɗi ba,
Sana'ata ba ta ɓoye min ba,
Ganyen shayi ya gaya min gaskiya.

Zubin farko shi ne mai kauri,
Na biyu sai an ƙara sukari,
Na biyar kuwa ruwa ne fari,
Ba mai ba ka kuɗinsa ya saya.

Haka marubuci, mutum ne shi ma,
Duk mako sabon abu ake nema,
In ya rasa ga tsohon zai koma,
Ya juya shi ya kawo ta wata hanya.

Malamin Firamare, Ringim

Madalla da ku. Ni zan ɗan leƙa da mu waje don matsalar ba tamu ba ce mu kaɗai. Mista Bean ɗin nan da yaran ajina da ko Turanci ba su gama ji ba suke faɗuwa don dariya in sun gan shi, asalin wasan nasa na talabijin kashi 15 ne kacal, Rowan Atkinson ya yi shi daga 1990 zuwa 1995, ban da katun da finafinan da suka biyo baya, kuma ga shi har yau bai tsufa ba. A Amurka kuma akwai Seinfeld, ana tsakiyar sonsa mai shirin ya tsayar da shi a 1998 bayan zango 9, tashar NBC ta yi masa tayin dala miliyan 5 a kowane kashi in zai ƙara zango ɗaya amma ya ƙi, kuma mutum sama da miliyan 76 ne suka kalli kashin ƙarshe. To sai ku ɗora shi kusa da katun ɗin The Simpsons da ya fara tun Disambar 1989 ya haura kashi 750, masoyansa da bakinsu suke cewa daɗin yana cikin shekaru goman farko ne.

Ku dubi Mista Bean na Ingila,
Kashi 15 ya yi ya kammala,
Ba jan rai, ba ja da wahala,
Har yau ana kallonsa a duniya.

Wani a Amurka an yi mai tayi,
Miliyoyi in zai ƙara yi,
Ya ƙi, ya tsaya kan nasa ra'ayi,
Ya sauka tun ana masa magiya.

Su Simpson kuwa sun ƙi tsayawa,
Tun 89 suke ta zubawa,
Masoyansu na da suna kokawa,
Suna na nan, daɗin ya ja baya.

'Yar Kafin Hausa

Salam. Na karanta wa kakata baitocinku da daddare, ta ce sam ba ta yarda ba lallai sai na rubuta nata, ita ta faɗa ni na ɗan daidaita mata. Tun rasuwar kakanmu wannan kallon shi ne hirarta, kuma har yau tana zancen Samanja, wato Usman Baba Pategi tsohon sojan nan da ya rasu a Nuwambar 2023, da Ƙasimu Yero da ya riga shi tun 2017, Allah ya jiƙansu. Ga abin da Inna ta ce:

'Ya'yan nan na ji abin da kuka ce,
Ku kuna da majalisa, ni tsohuwa ce,
Bayan isha ba mai mini zance,
Su nake kunnawa in sanyaya zuciya.

Na san muryar kowa a cikinsu,
Na ga aurensu, na ga 'ya'yansu,
Ko ban dara ba ina son ganinsu,
In san sun kwana sun tashi lafiya.

Samanja ya tafi, Allah jiƙan shi,
Ƙasimu Yero ma mun rasa shi,
Ɗan wanda ya rage ku ƙyale min shi,
Kar ku rufe min ƙofa gaba ɗaya.

Mai Riƙe Fitila, Sumaila

Allah ya ƙara wa Inna lafiya, ta faɗi rabin abin da ke raina. Ni ina shiga Kano aikin lokeshin, wato wurin ɗaukar fim, fitila nake riƙewa wani lokacin kuma in taya mai sauti, in an tashi in dawo gida gona, to dan Allah Malam ka yi haƙuri amma misalin Turawan nan bai zauna min ba, wanda aka yi wa tayin miliyan 5 ya ƙi ai ya riga ya tara ne, mu nan kuwa kuɗin yini ake ba mu kuma tun da Arewa24 ta buɗe a 2014 sannan YouTube ya kankama masu dogon zangon nan su suka riƙe mutane da yawa da a da sai su yi wata biyu ba a kira su aiki ba. Sannan ba darakta ne kaɗai ke yanke hukunci ba fa, mai ba da talla sunan da ya sani yake bi, in ka kai masa sabon labari sai ya ce a fara tukuna ya ga yawan masu kallo, wa zai zuba kuɗin farawar?

Malam ka kawo na ƙasar Turawa,
Can mai wasa kuɗi yake tarawa,
Mu nan sai an fita ake samowa,
Ran da ba lokeshin, ranar ba miya.

Mai kyamara da mai ɗaukar sauti,
Mai kwalliya, mai jera faranti,
Da shi suke biyan bashin kanti,
In kun rufe shi da me za su biya?

Mai talla sai abin da ya sani,
Sabon shiri ya ce sai ya gani,
Shi ya sa ake ja tun wani zamani,
Mu ma muna ganin alamun gajiya.

Uwargida daga Garko

Ƙanina Allah ya buɗa maka, ba mai son a taɓa abincin wani. Amma ni abin da ya fi ci min rai ba maimaicin ba ne, a'a, in dabara ta ƙare musu kanmu suke juyowa. Sai a ɗauko mutum a shafa masa baƙi a haƙori a sa masa yagaggiyar riga a ce baƙauye ne ya shigo birni bai san famfo ba bai san fanka ba, ko a kwaikwayi mai in'ina ko gurgu, yarana suna zaune suna kallo kuma gobe su je makaranta su yi wa wani. A zangon farko ba haka suke ba wlh, hikima ce zalla. Ni dai ga inda nake gane lokacin rufewa ya yi:

Ni alamomin da nake dubawa,
In jarumi ya tafi ba dawowa,
A sa wani can ba a gaya wa kowa,
A ce mana shi ne, ai wannan ƙarya.

Da, marowacin nan yana da tausai,
Ka ji haushinsa ka so shi sosai,
Yanzu an bar shi da ihu kawai,
Da zare ido da ɗaga murya.

Ana tsakar faɗa a ɗauko sabulu,
A ɗaga shi ga kyamara kamar tulu,
Labari ya tsaya, an yi mana butulu,
Tallar ce gaba, wasan na bin ta a wuya.

Dabara ta ƙare a juyo kanmu,
A sa tsumma a ce ɗan garinmu,
A kwaikwayi tafiya da maganarmu,
Wai mu ne ba mu da tarbiyya.

Mu ke noma abin da suke ci,
Ba mu ƙi wasa ba, muna barkwanci,
Amma in ya koma wulaƙanci,
A naɗe tabarma, an gama tafiya.

Dattijon Warawa

Na daɗe ina karantawa ban sa baki ba. Uwargida kin yi gaskiya, yaro mai fitila kai ma ka yi gaskiya, kuma ni ban ga inda maganganunku suka ci karo ba. Marigayi Rabilu Musa Ibro ɗan nan Danlasan ne a ƙasarmu ta Warawa, ya rasu a Disambar 2014, Allah ya gafarta masa, ya yi shekaru yana ba mutane dariya amma ba labari ɗaya ya riƙe yana ja ba, kowane fim da nasa labarin da nasa ƙarshen, yau ka gan shi a wannan hali gobe a wancan, kuma masu kyamara da masu fitila ba su zauna ba don wani na ƙarewa ake shiga wani.

Ɗana kukanka ya shiga kunne,
Cin abinci kam babban abu ne,
Abin da muke so mai sauƙi ne,
A rufe labari, a bar 'yan wasa su ɗau niyya.

Ibro na Danlasan, Allah gafarta,
Fim in ya ƙare wani zai fita,
Shi ɗin dai ne, labari ya bambanta,
Har ya bar mu muna sonsa a zuciya.

Inna ki kwantar da hankalinki,
Ba mai raba ki da mutanenki,
Su dawo da sabon zance gabanki,
Ki gan su ki gane su babu wuya.

'Yar Kafin Hausa

Baba, na karanta wa Inna. Ta yi shiru can ta ce ita ba 'yan wasan ta sani ba, mutanen cikin labarin ta sani, in sun sake suna sun sake gida sai ta sake sabo da su daga farko kuma ita shekarunta sun ja. Amma ta ce in dai dole ne to tana da sharaɗi, don an taɓa yi mata haka, wani shiri da take bi kawai ta kunna ran nan ta tarar da wani abu daban ba sallama ba komai, har yau ba ta san yadda aka ƙare ba. Ga abin da ta ce:

Ɗan uwana na ji, amma da saura,
In za su rufe to sai sun gyara,
A sanar da mu manya da yara,
Ga ranar sallama, kowa ya shirya.

Mai bashin nan a biya shi kuɗinsa,
Angon ya zauna da iyalinsa,
Kowa a nuna mini ƙarshensa,
Sannan in yafe, in yi musu godiya.

Mai Riƙe Fitila, Sumaila

Sharaɗin Inna wlh shi ne daidai, kuma marubuta da yawa sun fi son a ce musu ga kashi kaza za ku yi ku rufe, sun san inda za su dosa tun daga farko. Amma Baba ku ma masu kallo akwai naku a ciki, na taɓa yin aiki a wani sabon shiri mai kyau da aka tsara shi da ƙarshensa, mutane suka ƙi leƙawa suna can wajen tsohon da suke zagi kullum.

Na ɗauki zancenku Baba da Inna,
Amma akwai abu ɗaya a raina,
In mun yi sabo muka zo muka nuna,
Za ku tsaya ko kuwa za ku ɓuya?

Don na ga an yi, an zuba jari,
Sabon labari mai kyan tsari,
Aka ƙi kallo tun daga fari,
Mai kuɗin ya tattara ya juya.

Mai Gidan Kallo, ƙauyen Gaya

Wannan tambayar tawa ce ƙanina don ni ke zaɓar abin da ake haskawa a nan, kuma ga amsata a gaban kowa.

Ƙanina wannan haƙƙinku ne,
In kun yi sabo aiki namu ne,
Sati huɗu zan bar inji a kunne,
Kyauta, duk mai so ya taho Gaya.

Mai Shayi kai ma ka sa shi a teburinka, Malam kuma ka duba mana in ya dace da yara kafin a haska. 'Yan Gumel da Haɗeja har yanzu ba mu ji ku ba, amsa-amon na nan a buɗe zuwa Juma'a.