Neman kalmar Hausa: me za mu kira library ɗin nan na masu rubuta kod?

Salamu alaikum jama'a. Yau kalma nake nema, kuma ba don nishaɗi ba, abin ya ci min kwana uku ne shi ya sa. Kalmar ita ce library, amma ba na littattafai ba, wanda masu rubuta kod ke kira a layin farko na firogiram ɗinsu, irin su SoftwareSerial ko BluetoothSerial. Ku yi haƙuri sai na ɗan ba da labari kafin ku gane inda ta ƙaƙare min.

Duk Asabar ina zama da ƙannena biyu da wani abokinsu muna wasa da Arduino, ɗan allon lantarki da ake rubuta wa kod, a zaure. Wannan karon muka ce bari mu haɗa abin da zai kunna injin bohal ɗin gida daga waya, ba sai mutum ya fita tsakar dare ba in an kawo wuta. Kayan ba yawa, Arduino Uno ɗaya, ɗan allon Bluetooth da ake kira HC-05, sai makunni. Na buɗe kwamfuta na rubuta layin farko, ƙaramin cikinsu ya ce Yaya mene ne wannan, na ce laburare ne. Ya kalle ni ya ce laburare kuma, ina littattafan? Wlh na rasa amsa. Na ce masa to ɗakin karatu ne na kwamfuta, nan ma na ji da kaina ƙarya nake, don ba karatu ake yi a ciki ba.

Abin da yake shi ne, wani ya riga ya zauna ya sha wahalar rubuta yadda za a yi wani aiki, ya ɗaure shi wuri guda, kai kuma sai ka ɗauko ka kira sunan aikin kawai ba tare da ka san abin da ke ciki ba. Shi ke nan. To wace kalma ce tamu ke ɗauke da wannan?

Kafin nan ga wahalar da muka sha, don a cikinta na samo wasu kalmomin ba tare da na nema ba.

Ranar farko kod ya ƙi hawa kan allon sam, ashe mun soke HC-05 a ƙafa ta 0 da ta 1, waɗanda su ne dai hanyar da Uno ke magana da kwamfuta ta USB, mutum biyu na son bin ƙofa ɗaya. Muka mai da shi ƙafa ta 10 da 11 muka ɗauko SoftwareSerial, library ɗin da ke mai da wasu ƙafafun hanyar magana. Waya ta ga allon, muka sa 1234 ta haɗu, amma ko harafi ɗaya bai iso ba. Na duba waya-waya sai na ga yaron ya haɗa TX da TX, RX da RX, kuma a hankalce ai bai yi laifi ba, ya ga suna iri ɗaya. Na ce masa TX baki ne, RX kunne, ka taɓa ganin an yi magana baki ya ji baki? Bakin wannan kunnen wancan. Tun daga ranar ba wanda ya sake cewa TX a zauren nan, baki da kunne kawai, kuma ba su sake kuskuren ba. Af, kunnen HC-05 ɗin 3.3V yake so, Uno kuma 5V yake fitarwa, sai an rage masa da resista biyu, 1k da 2k, kar a kurmantar da shi.

Rana ta biyu na so in canza wa HC-05 ɗin suna, na danne ɗan maɓallin na ba shi wuta, fitilar ta koma ƙiftawa a hankali kamar duk daƙiƙa biyu, na tura AT, umarnin gwaji da ake fara tura masa, abin da ya dawo wasu alamomin tambaya ne a juye da tarkace kamar rubutun aljanu. Awa biyu ina zagin library ɗin, ashe ba ruwansa. In HC-05 yana aikinsa na kullum 9600 yake magana, in ya shiga yanayin karɓar umarni sai ya koma 38400, ni kuma na bar kod ɗina a 9600. Wannan shi ne baud rate, sunan daga wani Bafaranshe ne mai aikin tangaraho, Émile Baudot. Yaran na ce musu saurin zance ne, in mai magana na gudu mai saurare na tafiyar hawainiya ba abin da za a fahimta. A 9600 harafi 960 ke wucewa a daƙiƙa, don kowane harafi bit 10 (bit shi ne 0 ko 1 guda ɗaya) yake ci in an haɗa da na buɗewa da na rufewa.

Shi kuma serial ɗin kansa, ni dai jerin gwano na kira shi. Bit ɗaya na bin ɗaya a kan waya ɗaya, ba mai tsallake wani. Kishiyarsa parallel, irin tsohuwar kafar firinta mai haƙora 25 da ke tura bit 8 lokaci guda, wannan sahu ne, kafaɗa da kafaɗa. Bluetooth ɗin da muke amfani da shi ma kwaikwayon tsohuwar wayar jerin gwano yake yi a iska, shi ne abin da suke kira SPP.

To rana ta uku ce ta kawo ni nan. Na gaji da wayoyi na ce bari in sayi ESP32, wani allo irin Arduino, tunda Bluetooth ɗinsa a jikinsa yake. Na je wani shago na ce ESP32, aka miƙo min ɗan ƙarami mai kyau, ban karanta jikinsa ba. Na dawo na ɗauko misalin BluetoothSerial, na danna, sai jan rubutu, ƙarshensa na cewa "It is only available for the ESP32 chip". Na ce ikon Allah, ai ESP32 ɗin ne a hannuna. Sai da na sa tocila na duba na ga C3 a jiki, wato wani nau'in ESP32 ne daban. Ashe Bluetooth iri biyu ne, akwai tsohon da ake kira Classic, akwai BLE mai tsimin batir, SPP kuma a tsohon kaɗai yake. ESP32 na asali yana da duka biyun, C3 da S3 BLE kawai suke da shi, S2 ma ba shi da ko ɗaya. Library ɗin lafiyarsa lau, ba don allona aka rubuta shi ba ne kawai.

A nan ne kalmar ta faɗo min, kundi.

Ku tuna kundin malam, takardun nan da ake ɗaurewa a cikin fata. Wasu ne suka rubuta tun kafin kai, kowace takarda da aikinta, in buƙata ta taso a zaro wadda ta dace. Kuma duk wanda ya tashi kusa da tsangaya ya san ba a zaro takarda haka kawai, sai an duba don me aka rubuta ta, akwai sharuɗɗa. Abin da ya same ni kenan sak. Da tun farko a kaina kundi ne, da na tambayi kaina wa ya rubuta kuma don wane allo. Laburare ba ya sa ka wannan tambayar, laburare gini ne da kowa ke shiga. Sannan tana zama a baki, ku gwada: ɗauko kundin Bluetooth, kundin nan tsohon bugu ne, kundi biyu sun yi karo, kundin ya yi wa allon nauyi. Na ƙarshen nan ma gaskiya ne, kundin Bluetooth na ESP32 na cin wuri sosai, in ka haɗa shi da WiFi sau da yawa sai ka canza rabon ma'adana zuwa Huge APP kafin ya shiga.

Ina jiran ra'ayinku.

Ƙari, bayan na karanta abin da kuka rubuto, na gode ƙwarai.

Masu cewa rumbu, na so ta da farko amma an riga mu, rumbun bayanai ya zauna wa database tuntuni, in muka ƙara masa wani kaya za a rikice. Kuma abin rumbu in ka ɗiba raguwa yake, kundi ko mutum dubu sun kwafa yana nan.

Masu cewa taska, wannan na ajiye wa irin su GitHub, wurin da ake tara kundaye. Ka shiga taska ka ɗauko kundi, ai ya yi daɗi.

Wani malamina ya ce kundi ya riga ya yi kaya da yawa, ga kundin tsarin mulki ga kundin digiri. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, amma ai Turawan ma aron kalmar suka yi daga gidan littattafai ba su ƙirƙiro sabuwa ba, kuma in ana tsoron ruɗani sai a ce kundin kod a karon farko, daga baya kundi kawai ya isa. Wani ɗan'uwa daga Maraɗi ya ce su can bibliothèque suke ji a makaranta, matsalar ɗaya ce kenan ta wata ƙofar, kuma ya ce kundi ta shige shi ba gardama.

Wanda ya ce to function, wato aiki ɗaya da ake kira da sunansa a cikin kundi, sai a kira shi laƙani, na yi dariya har na ƙware, ya dace fiye da yadda nake so, amma ba zan kai wa yara gida ba kar iyayenmu su ce tsibbu nake koya musu a zaure. Aiki dai za mu ce.

Mai cewa a fassara Bluetooth zuwa shuɗin haƙori, don Allah a bar shi. Laƙabin wani sarkin Danmak ne na ƙarni na 10, Harald, kamfanonin da suka haɗu a 1998 irin su Ericsson da Intel da Nokia suka ɗora wa fasahar, suna ne ba a fassara suna.

Wadda har yanzu ta gagare ni ita ce pairing, wato haɗa waya da na'ura karon farko, kamar lokacin da muka sa 1234. An ce ɗaurin aure, amma waya ɗaya na iya yi da na'ura goma sha, ta wuce huɗu. An ce gaisawa, amma gaisuwa kullum ake sakewa, shi kuwa sau ɗaya ake yi su riƙe juna. Ni ƙulla sani nake jin ta fi kusa, ban dai gamsu ba. Ranar Asabar zan shiga da kundi da jerin gwano in ga ko za su zauna a bakin yaran, ESP32 na asali kuma na yi odarsa, wannan karon sai da na sa aka turo min hoton jikinsa. Mai iPhone kada ya zo gwaji, ba ta yarda da SPP na irin waɗannan allunan.