Fadojin sarakunan Suwidin: wanda ya shiga ya ba mu labari

Mai buɗe zance, Stockholm:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Mahaifina zai zo wurina a watan Yuli, kuma mutum ne mai son tsofaffin gine-gine. Ni fadar cikin Stockholm kaɗai na taɓa shiga. Ɗakunanta sun haura 600, amma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙarƙashin ƙasa, wurin da aka bar ragowar katangar tsohuwar fada, Tre Kronor. Gobara ta cinye ta ranar 7 ga Mayu, 1697, gawar Sarki Karl XI na ciki ba a binne ba tukuna, sai da aka yi gaggawar fitar da ita. Nicodemus Tessin ƙarami ya zana sabuwar, yaƙi ya cinye kuɗin aiki, iyalan sarki ba su tare ba sai 1754. Na daɗe tsaye gaban duwatsun nan, sanyinsu na ratsa ni. Ina kuma zan kai Baba?

Wata uwa, Västerås:
Wa alaikumus salam ƙanena. Drottningholm, kada ka yi shawara da kowa. Ku hau jirgin ruwa daga gefen ginin majalisar birnin Stockholm, kusan awa ɗaya a kan tafkin Mälaren, fadar ta fito muku a hankali kamar tana tasowa daga ruwa. Ita ma wuta ce mafarinta: ta farko ta ƙone a 1661, Sarauniya Hedvig Eleonora ta sa mahaifin Tessin ɗinka ya fara wannan a 1662. Tun 1981 sarki da sarauniya a can suke zaune, a ɓangaren kudu.

Amma gidan wasan kwaikwayo na 1766 shi ne abin gani. Komai da katako da igiya yake aiki har yau. An nuna mana akwatin da aka zuba wa duwatsu, ana karkata shi sai ka ji aradu sak. 'Yata mai shekara bakwai ta ƙanƙame hannuna, ta ɗaga kai tana neman hadari. Bangon da na ɗauka marmara ne, da na matsa sai na ga fenti ne kawai aka yi da gwaninta. Wallahi wannan ya fi zinariyar cikin fada burge ni.

Ɗalibi, Uppsala:
Gaskiyarki Yaya. Tamu ta Uppsala ma ta sha wuta a 1702, shi ya sa cikinta ba ƙawa sosai. A nan Sarauniya Kristina ta ajiye sarauta a 1654. Kullum ta gefenta nake wucewa da keke, ina kallon igogin da bakinsu ke fuskantar babbar coci.

Wani dattijo, Södertälje:
Ɗana, in mahaifinka gini yake so ba ado ba, Gripsholm za ku je, a Mariefred. Sarki Gustav Vasa ya fara ta a 1537, jan bulo da hasumiyoyi masu zagaye, don tsaro aka yi ta. Na je a watan Oktoba. Na tsaya a wata taga, kaurin bangon ya sa tagar ta zama kamar ƙaramin ɗaki. A fadar nan Sarki Erik XIV ya tsare ɗan uwansa Johan, da mulki ya juya Johan ya tsare shi a wuri guda. Jikina ya yi sanyi da na ji haka, 'yan uba ɗaya ne fa. Sai dai ka sani akwai matakalai masu yawa, ni da ciwon gwiwa sai da na huta sau uku kafin in kai gidan wasan da Gustav III ya sa aka gina cikin hasumiya.

Mai buɗe zance:
Na gode Yaya, na gode Baba. Shi ma gwiwarsa ba ta da ƙarfi, don haka da jirgin ruwan Drottningholm za mu fara. In Allah ya ba shi sauƙi, mu kama hanyar Mariefred kafin ya koma.